Ɗarin da Muka Kai Kaji Gona

Ɗarina na farko a Kontagora, daga ni sai kaji a gidan. Lokacin ba a daɗe da raba Arewa jiha-jiha ba, mu muna bin Sakkwato, babu wanda ya san wata rana za a yi Jihar Neja. Maigidana magini ne a cikin masu gyaran hanya, shi ke ɗora kwalbatoci, aikinsu kuwa sai ruwa ya ɗauke yake kankama. Ana gama girbin dawa motar aiki ta kwashe su zuwa hanyar Rijau, suka kafa sansani wajen Tungan Magajiya. In ya samu mota yakan leƙo gida, ya ɗan huta ya koma. Ni kuma ina ɗauke da cikin fari, ya fara yi mini nauyi.

Gidan haya ne, ɗaki biyu da madafi, an kewaye shi da zana. A bayan zanar akwai gidan wata tsohuwa Bakambara, Kirista, mijinta ya rasu, tana zaune da ɗanta, wani magidanci mai noma da ba ya son yawan magana. Iya nake ce mata. Ita kuwa tun ranar da na tare ta laƙaba mini Amarya, ba ta kuma sauya ba. Hausarta tana fita sarai, sai dai in ranta ya ɓaci ko ta tsorata, nan take sai ta koma Kambarci, ko da wanda take yi wa maganar ba ya ji.

Kajin daga gidanmu na Salka na zo da su. Innata ce da hannunta ta ɗaure musu ƙafafu ta jera su a kwando ranar da za a kawo ni. A daminar da ta biyo baya Allah ya yi mata rasuwa. Saboda haka ba kallon kaji kawai nake yi musu ba, ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ba su da yawa, manya biyar ne da wasu ƙanana, amma kowace da halinta. Babbarsu Wake-wake ce, mai zanen fari da baƙi. Da sanyi ya shigo ta gano cewa tokar murhu tana kwana da ɗumi, sai ya zama kullum da safe kafin in hura wuta sai na fara ɗaga ta daga tsakanin duwatsun murhu, tana harara ta kamar ni ce baƙuwa a madafin. Durgu, mai gajerun ƙafafu, ba ta taɓa yin ƙwai sau biyu a wuri ɗaya ba. Na tsinci ƙwanta a turmi, na tsinta a cikin tsohon takalmin aikin maigida, har cikin kwandon wanki. Fingi, mai murɗaɗɗen gashi kamar an taje ta a baibai, ita ce sanyi ya fi wahalarwa, don gashin nata ba ya rufe ta. In na zauna tsintar wake sai ta lallaɓo ta shige ƙarƙashin zanena ta lafe a kan ƙafata. Baƙa kuwa ba ta yarda da akurki ba sam. Magariba na yi sai ta tashi fir ta hau reshen darbejiyar tsakar gida, ko iska na kaɗa ta, can za ta kwana. Sai zakara, ja, mai ƙaton tukku da murya kamar ta mai shela, amma in ya ga inuwar shirwa shi ke riga kowa shigewa ƙarƙashin rumbu.

Sakin su nake yi. Da hantsi su bi ta ɓular zana su shiga gidan Iya, su gauraya da nata, su zaga bayan gida wajen juji, la'asar ta yi su dawo da kansu. Haka kowa ke kiwo a unguwar.

A bakin rijiya na fara jin labarin ciwon. Wata mata da ta dawo daga ƙauye ta ce kaji na ta mutuwa a can, kaza za ta kwana lafiya, da safe a same ta ta saki fukafukai, tana farin kashi, wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Aka yi ta salati, aka ɗauki tuluna aka watse. Ba a daɗe ba aka ce ya shigo kasuwa. Daga nan sai aka fara ganin gawarwakin kaji a juji, ungulaye na sauka. Masu wayo suka riƙa yanka nasu tun da sauran lafiya. Duk gidan da ka gifta ƙamshin miyar kaza ne, amma ba ka jin ana dariya a ciki.

Wata safiya Iya ta kira ni ta saman zana.

"Amarya, kada ki saki kajinki yau."

"Lafiya, Iya?"

"Biyu sun kwanta a nawa. Toshe ɓular nan yanzu-yanzu."

Na ɗauko tsohuwar tabarma na cusa a ɓular. Na kora kajin cikin ɗakin da babu kowa, na zuba musu dusa da ruwan jiƙon ɓawon maɗaci da barkono, kamar yadda na ga Inna tana yi, na ja ƙofa.

Kajin da suka saba yawo ba sa zama a ɗaki. Yini suka yi suna kai gwauro suna kai mari, suna tsalle suna bugun ƙofa. Wake-wake ta fara fige wa Fingi ɗan gashin da ya rage mata a wuya har jini ya fito. Zakara ya daina cara. Baƙa ta gano wani gibi tsakanin bango da jinka, na fito alwala na hange ta a kan zanar da ta raba mu da Iya, tana leƙen tsakar gidan da kaji ke mutuwa, tana shirin dira. Ban san lokacin da na jefa mata murfin kwano ba. Ta faɗo ta ɓangarena, na danne ta da zane. Na mayar da ita ɗaki na toshe gibin.

Kajin Iya suka ƙare ƙaf, ɗanta ya haƙa rami a bayan gida ya binne su. Ran nan da yamma ta zo bakin ƙofata ta tsaya, ta ƙi shigowa.

"Ba zan taka gidanki ba, ƙafata ta taka kashinsu," in ji ta. "Amarya, ciwon nan ba zana ke tare shi ba. In kika bar su a gari, ko a ɗaki ne, zai same su. Ki kai su gonata. Akwai bukka, babu kazar kowa a kusa."

"Iya, wa zai duba su a can?"

"Ni da ke. Kullum ina zuwa tara kara, ga wake ban gama roro ba. Mu tafi tare mu dawo tare."

Na aika wa maigida saƙo ta bakin direban motar aikinsu. Amsa ta dawo cewa in yi, amma kada in kuskura in tafi ni kaɗai, kuma kada in ɗauki kaya mai nauyi. Ɗan Iya ya wanke hannu da ƙafa da toka, ya ɗaure kwandon kajin a bayan kekensa ya yi gaba, mu muka bi shi a ƙasa.

Gonar tana bayan gari, sai an tsallaka wani rafi da ya ƙafe ya bar yashi. An girbe dawa, an tara karan tuli-tuli. Ga bukkar ciyawa a gindin wata kaɗanya, ga kuma wani faffaɗan falalen dutse a gefe, inda suke sussuka. Daga gabas ciyawar gamba ce ta bushe ƙayau, ta fi mutum tsayi, ta miƙe har inda ido ya tsaya.

Da aka buɗe kwandon kajin suka fito suka yi cirko-cirko. Can zakara ya girgije, ya miƙe wuya ya yi cara. Iya ta tafa hannu ta ce, "Ka ji shi, sarkin tsoro ya samu gari."

Haka muka shiga zirga-zirga. Da safe sanyi na yanka mana kunnuwa, leɓuna sun tsage, mu shafa man kaɗe mu kama hanya. Mu buɗe bukka, su fito su bi tsabar da ta zube a masussuka, su tone gara a gindin kara. Kafin magariba in girgiza musu tsaba a ƙwarya, da sun ji ƙarar sai su rugo, mu kife su da babban kwando a cikin bukka, mu ɗora dutse saboda tunku. Baƙa kaɗai ke ba mu wuya, don ta mayar da kaɗanya darbejiyarta, sai Iya ta zunguro ta da gora.

Kowace safiya kafin in ɗaga kwandon nan sai na tsaya na saurara. Ban san ko sun riga sun kwaso ciwon tun a gari ba. In na ɗaga sai in bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, in duba kashinsu, in duba yadda suke riƙe wuya. Wata rana da hantsi na waiwaya na hangi Wake-wake kwance a gefe guda, fiffike a shimfiɗe, ido a lumshe. Na kira Iya. Muka matsa a hankali. Ashe inda Iya ta gasa mana rogo ne, ta samu toka mai ɗumi ta baje. Ta buɗe ido ɗaya ta dube mu, ta ci gaba da birgimarta. Iya ta zage ta da Kambarci.

Sai Durgu ta fara ɓacewa. A girgiza tsaba kowa ya zo ban da ita. Mun yi zaton wani abu ya kama ta, har na fara fid da rai, sai Iya ta bi sawunta wata safiya da ta fito shan ruwa. Can ƙarshen gona, ta wajen ciyawar gamba, ta shige ƙarƙashin wani tulin kara ta tara ƙwai, ta hau kwanci. Na miƙa hannu ta kai mini sara.

"Ƙyale ta," in ji Iya. "Mai kwanci ba a tashin ta. In kika ɗauke ta ƙwan ya lalace."

Muka tokare bakin wurin da ƙaya, muka bar mata ƴar kafa.

Ranar da abin ya faru ɗan Iya ya tafi kasuwa, mu biyu ne a gonar. Iska ta tashi tun da safe, mai sanyi, daga gabas. Bayan azahar na idar da salla a gindin kaɗanya, ina naɗe sallaya, sai zakara ya yi wani irin kuka ya ruga bukka. Na ɗaga kai. Shirwa ce ta cika sama ta wajen gabas, ba ɗaya ba, ba biyu ba, suna shawagi suna saukowa. Ban taɓa ganin sun taru haka ba. Sai wani abu baƙi, marar nauyi, ya sauko ya lafe a bayan hannuna. Na murza, ya zama toka.

"Iya, mene ne wannan?"

Tana sunkuye tana roron wake. Ta miƙe ta dubi saman, ta shaƙi iskar. Kwandon waken ya suɓuce daga hannunta.

"Wuta. Masu farautar gafiya sun sa wa daji wuta."

Sai a lokacin na ji ƙarar, can nesa, kamar ana karya kara da yawa a lokaci guda. Hayaƙi ya taso a bayan gamba, fari da farko, sannan ya yi duhu.

"Mu gudu gida," na ce.

"Ba za mu kai rafi ba. Hanyar duk ciyawa ce, iska na bayanta, ke kuma ga ki da ciki. Dutse za mu hau. Ɗauko tulu, kira kajinki."

Na ruga bukka na ɗauko ƙwaryar tsaba. Na girgiza, na girgiza. Wake-wake ta zo da gudunta kamar ba abin da ke faruwa, na cafke ta na jefa a kwando. Ƙananan suka biyo ta. Fingi ba ta bi ta kan tsabar ba, ƙafafuna ta nufa ta shige zanena, na ɗauke ta na cusa a ƙirji na ɗaure da bakin zane. Zakara ya maƙale a lungun bukka ya cusa kai cikin ciyawa, na jawo shi ta ƙafa yana ihu. Iya ta rufe kwandon da faifai ta ɗora a ka, ni na rungumi tulun da ya rage rabin ruwa, muka nufi falalen dutse.

Baƙa tana ƙwanƙolin kaɗanya. Na tsaya na girgiza mata ƙwarya, na kira ta da duk irin kiran da na sani. Ta leƙo ni, ta ƙara hawa sama.

"Bar ta!" Iya ta daka mini tsawa. "Tafi!"

Muka hau tsakiyar dutsen. Iya ta ajiye kwando, ta karya reshen kalgo ta shiga share ƙaiƙayin da ya rage a kan dutsen tana turawa ƙasa. Ta kwance ɗankwalinta ta tsoma a tulu ta miƙo mini ta ce in rufe hanci. Yanzu ana ganin harshen wutar sosai, ya fi gamba tsayi, yana lanƙwasowa ta wajenmu. Fara da ƙwari suna ta faɗo mana a jiki. Wani zomo ya haye dutsen ya wuce ta gabanmu ko kallonmu bai yi ba.

Sai na tuna.

"Iya, Durgu!"

Ta dubi ƙarshen gona. Tulin karan da Durgu ke ciki shi ne mafi kusa da gamba, hayaƙi ya fara lulluɓe shi.

"Za ta fito da kanta," na ce, ina so ta ce mini haka ne.

"Ba za ta fito ba. Mai kwanci ko wuta ta hau bayanta ba ta tashi."

Na yunƙura zan miƙe. Ta danna kafaɗata da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Zauna. Ke ba ke kaɗai ba ce."

"To ke ma kada ki je, Iya. Don Allah ki bari. Kaza ce."

Ta kamfaci ruwa ta watsa a zanenta, ta tattare shi zuwa gwiwa, ta sauka daga dutsen. Tsohuwar da kullum sai na jira ta a hawan rafi, sai ga ta tana gudu tsakanin kunyoyi, ba takalmi. Na yi ta kiran ta. Hayaƙi ya haɗiye ta.

Ban san iya lokacin da ta ɗauka ba. Na san dai na ga tulin karan farko ya kama, wutar ta tashi sama da wata irin ƙara, na ji zafin a fuskata daga inda nake. Na san abin da ke cikina ya motsa da ƙarfi. Fingi tana ta bugun ƙirjina. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina farawa ban ƙarasa ba in kama wata. Ina tunanin me zan ce wa ɗanta. Ina tunanin da bakina na ambaci Durgu.

Can na ji tari. Ta ɓullo daga hayaƙin ta wani gefe dabam da inda ta shiga, tana ɗingishi, ta rungume wani abu a hammata. Ta kai bakin dutsen ta kasa hawa. Na ja gindi na sauka na kamo hannunta, muka hau tare da rarrafe. Gefen zanenta na ci da wuta, na kashe da tafin hannu da jiƙaƙƙen ɗankwali. Ta tura mini Durgu. Jelar kazar ta ƙone, tana wari, amma da ranta, har tana neman saran hannuna.

"Kwanta," in ji Iya da ƙyar. "Fuska a ƙasa."

Muka kwanta rub da ciki, ni a ɗan karkace saboda cikina, kwandon kaji a tsakaninmu. Ta juye sauran ruwan tulu a kan mayafina muka lulluɓa da shi har kwandon. Wutar ta iso gonar. Ba ta da ciyawa mai tsayi a nan, sai ta riƙa tsalle daga tulin kara zuwa tulin kara. Bukka ta kama lokaci guda. Zafi ya taso ta ko'ina, dutsen da ke ƙarƙashinmu kaɗai ke da sanyi. Numfashi ya zama aiki. In na shaƙa sai in ji kamar barkono, in na riƙe sai kaina ya yi jiri. Tartsatsi na sauka a kan mayafin, Iya na bugewa da hannu ba tare da ta ɗaga kai ba. Ina jin ta tana magana ƙasa-ƙasa da Kambarci, na gane addu'a take yi, ni ma ina tawa. Kajin da ke kwando suka yi tsit, wannan shirun ya fi ba ni tsoro a kan ƙarar wutar.

A hankali ƙarar ta yi yamma, ta nufi rafi. Iska mai sanyi ta dawo. Na ɗaga mayafin. Gonar ta zama baƙa ƙirin, ko'ina hayaƙi na tashi siri-siri, inda bukka take sai sanduna suna ci. Na buɗe kwandon. Wake-wake ta ɗago kai tana haki baki buɗe. Ƙananan suka motsa. Zakara yana kwance ƙasan kowa, na taɓa shi ya buɗe ido. Na kwance Fingi daga ƙirjina, ta jiƙe sharkaf da gumina.

Na dubi kaɗanya. Ganyenta na ƙasa sun yanƙwane, na sama suna nan. Baƙa ba ta kai. Na duba reshe-reshe, ban gan ta ba.

Sai na juyo ga Iya, na ga ƙafarta. Ta taka kututturen kara mai ci, tafin ƙafar dama ya saluɓe, ga ƙuna ta hau har idon sawu. Na fashe da kuka.

"Kukan me kike yi?" ta ce. "Ƙwan ne ban iya ɗebowa ba. Hannu biyu gare ni."

Ba mu iya tafiya ba, ƙasa da zafi, ita kuma ba ta iya takawa. A kan dutsen ɗanta ya same mu wajen la'asar sakaliya. Ya hango hayaƙin daga kasuwa ya taho da wasu maza, sun sha fama da wutar a bakin rafi kafin su samu hanya. Ya nufi uwarsa kai tsaye. Ya durƙusa ya dubi ƙafar, ya cire rigarsa ya naɗe ta, ya goya tsohuwar a baya. Wani ya ɗauki kwandon kaji, wani ya ba ni takalminsa. Haka muka shigo gari, mutane na fitowa ƙofar gida suna yi mana barka.

Washegari ɗan Iya ya koma gonar ya zaga ko'ina. Bai ga Baƙa ba, bai ga gashinta ba. Ya ce ko hayaƙi ya kayar da ita wani abu ya ɗauke, ko ta tashi ta yi wani wuri. Na daɗe ina sa ran wani zai zo ya ce ya ga baƙar kaza a kan itace a bayan gari. Ba wanda ya zo.

Sauran na rufe su a ɗaki, don ba inda zan kai su kuma. Wannan karon ba su yi faɗa ba, sun yi laushi. Allah ya sa ciwon ya riga ya ci abin da zai ci a unguwar, babu sauran kazar da za ta kawo musu shi. Ɗaya daga cikin ƙananan ta mutu, amma tari ta yi ta yi, ba farin kashi ba.

An kai Iya asibiti aka wanke ƙunar aka naɗe. Kullum nakan shiga in dafa mata kunu, in taya ta zuwa bayan gida, in zauna muna ɓarar gyaɗa. Sau ɗaya na tambaye ta abin da ya sa ta koma.

"Na ga yadda kike kallon su," ta ce. "Ni na ce ki kai su gonata."

Ban sake tayar da maganar ba.

Labari ya kai wa maigida a wajen aiki, ya biyo motar gyaɗa ya iso. Ya tsaya a tsakar gida ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ga tafin hannuna da ya tashi, ya tambayi lafiyar cikin. Na ce lafiya. Bai zauna ba, bai sha ruwa ba, ya zaga gidan Iya. Ina jin su ta bayan zana. Ya gaishe ta, ya sake gaishe ta. Can na ji yana cewa, "Iya, ban san da bakin da zan gode miki ba."

"Kai magini ne, ko ba haka ba?" in ji ta. "To ba ni da bukka."

Hutun nasa duka a gonar ya ƙare, shi da ɗan Iya. Bai yi mata ta ciyawa ba. Ya kwaɓa ƙasa ya ɗora mata ɗan ɗaki, suka share kewayensa fes, ya koma aiki da kaushi a hannu.

Da sanyi ya fara ja da baya na buɗe wa kajin ƙofa. Unguwar ta yi shiru tun da ciwon ya wuce, asuba na yi ba ka jin cara ko ɗaya. Zakaran nawa ma bai sake buɗe baki ba tun ranar wutar, har na ɗauka shi ke nan. Wata safiya ina ɗaura alwala na ga ya hau turmi, ya bubbuga fukafukai, ya miƙe wuya. Abin da ya fito ba cara ba ce, wani gurnani ne mai kaushi kamar ana jan tsohuwar ƙofar kwano. Shi kansa ya tsorata, ya diro ya dudduba. Ya sake hawa ya gwada, haka ta sake fita. Daga bayan zana na ji Iya ta tuntsire da dariya har tana tari, tana kiran ɗanta ya fito ya ji.

Muryar ba ta taɓa gyaruwa ba. Amma shi kaɗai ne zakaran da ya rage a layinmu, saboda haka duk wadda ta sayo sabuwar kaza a unguwar sai ta aiko a roƙe ni aronsa. Ranar da Iya ta fara taka ƙafar ba sanda, ta zo har cikin gidana ta zauna a kan turmi, ta ce in kamo mata Wake-wake ta ga ko ta yi ƙiba. Na kamo ta. Ta jijjiga ta a hannu, ta ce ba laifi, ta sa ta a hammata ta miƙe.

"In ta ƙyanƙyashe mu raba," in ji ta, ta fita tana ɗingishi.